Mai Jif Ya Ware Kuɗin Gyara Tun Da Kaka

Manomin Rawayya da ya sayar da auduga ya sayi jif bai yi laifi ba, amma sayen doki ba wuya, harawa ita ce aiki. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, inji ya riƙa shan mai. Taɓon damina kuwa shi ke cinye birki. Saboda haka a juye baƙin mai duk bayan kilomita 5,000, a kakkaɓe matata kowane mako, kada kuma a lafta mata buhuna kamar babbar mota. Wanda ya cinye kuɗin kaka ƙaƙaf, ran da ta mace masa a hanyar Gusau sai ya sayar da bijimin huɗa. An yi ba a yi ba ke nan.