A San Shekarun Tsoho Kafin A Kai Shi Tiyata

Kowace shekara, da kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, sai ka ga tsofaffi daga ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa da Tsanyawa da Bichi sun fara kwarara asibiti. Wannan gwaiwa ce ya daure mata tun bazara don kada gona ta kwana. Wancan fitsari ne ya tsaya masa. Waccan tsohuwa kuwa santsi ne ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙashin kwatangwalo ya karye, sai Asibitin Ƙashi na Dala. Muna murna da haka ƙwarai, gama da can mutanenmu gudun wuƙar likita su ke yi. Amma akwai wata tambaya da a ke yi a wurin yankar kati, jama'a kuwa sun raina ta, da ka su ke amsa ta, watau "Shekarunsa nawa?" A kanta za mu yi magana yau, domin ran mutum ya kan rataya a kanta.

Ga dalili. In an yi wa mutum aiki, likita ya kan ba shi magani mai ƙarfi na kashe zafin ciwo. Babbansu shi ne mofin, wanda wani Bajamushe mai haɗa magani, Sertürner, ya fitar daga ƙaron furen ofiyom wajen 1805. Danginsa su ne fetidin da fentazosin da taramol da kodin. Rahama ce babba, ba shakka. Sai dai abin da ke kwantar da ciwon shi ne kuma ke kwantar da numfashi in ya yi yawa, kuma abin da ya ishi saurayi ya kan yi wa tsoho yawa.

Manomin ƙasar Kano ya kan ruɗi mai kallo. Ga gonaki a haɗe, babu saura, kowace shekara a noma su, mutum yana da shekara saba'in yana kai taki a kan jaki, yana huɗa, damtse kamar na yaro. To, amma ƙoda ba ta noma. Tun daga wajen shekara arba'in aikinta ya ke raguwa kaɗan kaɗan, mai ita bai sani ba. Hanta ita ke sarrafa mofin, ƙoda ta fitar da abin da ya rage ta fitsari. In ƙoda ta yi sanyi sai ragowar ta taru a jini, ta ci gaba da aiki bayan lokacin da a ke zaton allura ta sake shi. Fetidin ya fi muni a nan, domin ragowarsa ta kan jawo ruɗewa har da farfaɗiya, shi ya sa masana su ke cewa a guje shi ga tsofaffi. Ƙwaƙwalwar tsoho kuma ta fi jin maganin. A 1987 likitoci biyu a Amurka, Scott da Stanski, sun nuna cewa abin da a ke bukata na wani ɗan'uwan mofin, fentanil, ya kan ragu da rabi tsakanin ɗan shekara 20 da wanda ya kusa 90.

A 1996 kuma Macintyre da Jarvis, a birnin Adelaide na Ostareliya, suka duba majiyyata fiye da dubu, suka tarar shekaru sun fi nauyin jiki nuna yawan mofin da mutum zai bukata a rana ta fari bayan babban aiki. Lissafinsu shi ne a ɗebe shekarun mutum daga 100, abin da ya rage shi ne miligiram. Wannan tsaka-tsaki ne kawai, na maganin da a ke sa wa ta jijiya a asibiti, mutane kuwa sun bambanta ƙwarai, kada wani ya ɗauka ma'auni ne na gida. Amma a duba. Ɗan shekara 50 ya tashi da 50, ɗan shekara 75 ya tashi da 25. Ashe yaron da ya ce "Baba kamar hamsin" alhali dattijon ya kai saba'in da biyar, bisa wannan lissafi ya ninka wa ubansa magani da bakinsa.

Nan ne aikin ya faɗo kanku, akawuna da malaman makaranta, gama tun zamanin En'e ku ne alƙalamin ƙauye. Yawancin tsofaffinmu ba su da takardar haihuwa, amma ba sa mance abin da suka gani. Wanda aka haifa shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kano, 1956 ke nan. Wanda ya yi wayo ranar da aka naɗa Sarki Ado Bayero a 1963, ko ranar da aka kashe Sardauna a 1966, an haife shi kafin 1960 ko kusa da haka. Matar da ta yi haihuwar fari shekarar da naira ta maye gurbin fam, a tuna 1973 ce. Magidancin da ke biyan haraji kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a 1979 ya haura sittin. A zauna da tsoho a yi masa wannan lissafi, a rubuta a takarda, a haɗa da sunan duk maganin da ya ke sha. Kada a ɓoye taramol na kemis don kunya. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 mutane su ke tsoron ambaton irin waɗannan, amma likita ba ɗan sanda ba ne, kuma wanda jikinsa ya saba da taramol lissafinsa dabam ne.

Kada fa a ce mun ce a hana tsoho magani. Dattijon Bahaushe, ka tambaye shi jiki, sai ya ce "da sauƙi," ko da zafi na cin sa. Wannan dauriya tana da illa, domin wanda ciwo ya hana shi tari da motsi majina ta kan taru masa a huhu, zafin kansa kuma ya kan ruɗa tsoho. Hanyar da likitoci suka yarda da ita ita ce a fara da kaɗan, a jira, a duba, sa'an nan a ƙara, a kuma haɗa da farasitamol don a rage bukatar mai ƙarfin.

Masu jinya su lura. In tsoho ya yi nauyin barci har tashinsa ya yi wuya, ko yana magana barci na kwashe shi, ko numfashinsa ya kasa goma a minti, kada a ce "ya samu ya huta." A kira nas nan take. In ya fara sambatu, kada a ce rikicin tsufa ne ko iska, a faɗa wa likita. Akwai allurar da ke karya mofin cikin 'yan mintoci, sunanta nalokson. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta tabbata akwai ta a kowane asibitin da a ke yin tiyata, ta kuma buga jerin shekarun nan na tarihi a liƙa a wurin yankar kati.