Maɓallin Giya: A Daina Cewa Sabo Ne Kawai

A filayen sayar da motoci na Duwala a Kamaru, daga kewayen tashar jiragen ruwa har kan hanyar PK 14, an fara samun motocin da idan mutum ya zauna ya kai hannun dama inda ya saba, sai ya dafa iska. Babu sandar giya. A gurbinta an jera maɓallai, P da R da N da D, wasu a tsakanin kujeru, wasu a allon gaba kusa da rediyo. Haka wasu Honda Pilot da Odyssey suke, haka Hyundai Palisade, haka Lincoln MKC. Idan mai saye ya yi turus, amsar dillali guda ce, ita ce kuma ake maimaitawa a majalisun unguwar New Bell: sabo ne kawai, mako ɗaya ka saba, wanda ya ƙi maɓalli ƙauyanci ke damunsa. Maganar tana da daɗin faɗa, amma ta ɗauki nauyin da ke kan wanda ya ƙera motar ta ɗora wa direba.

Batun ƙauyanci ma ba ya buƙatar dogon musu, don maɓallin giya ya girmi yawancin masu yi wa mutane gori a kansa. Kamfanin Chrysler na Amurka ya sa shi a motocinsa tun 1956, ya yi ta sayarwa har 1964, sannan ya koma wa sanda. Ford ya dasa maɓallan a tsakiyar sitiyarin motarsa Edsel a 1958, shekara ɗaya tak ya janye. Wanda ke tallar abin a matsayin ƙarshen zamani tsohon zane yake sayarwa da sabuwar guga.

Sanda tana da wata baiwa da maɓalli ba shi da ita: inda take tsaye shi ne labarin giyar da motar ke ciki. Hannu yana karanta wannan labari ba tare da ya tambayi ido ba. A titin da babu kowa wannan ƙaramin abu ne. A mahaɗar Ndokoti da yamma kuwa, inda 'yan bensikin (acaba) ke kutsawa ta hagu da dama, mai turin baro na gabanka, tasi mai ruwan ɗorawa ta manne maka a baya, direban da zai yi gaba ya yi ribas sau uku kafin ya juya ba shi da idon da zai ara wa allo. Kuma ba hasashe ake yi ba. Ford ya yi kiranyen motocin Lincoln MKC samfurin 2015 sama da 13,000, saboda maɓallin tayar da inji yana dab da maɓallan giya, direbobi suna kai yatsa su kashe mota tana cikin tafiya. A Afrilun 2016 Fiat Chrysler ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 1.1 saboda wata sandar lantarki da ke komawa tsakiya duk inda aka tura ta, mutane suna fita suna zaton sun sa P alhali ba su sa ba. Wata biyu bayan haka, ɗan fim Anton Yelchin ya rasu a gidansa da ke Los Angeles yana da shekara 27, bayan Jeep Grand Cherokee tasa ta gangaro ta matse shi. Wani zai ce ai waccan sanda ce. Siffar sanda gare ta, amma cutar ɗaya ce: hannu ya daina sanin inda giya take. Waɗanda abin ya rutsa da su masu motocin ne, suna tuƙa su kullum. Da sabo yana maganin wannan, da kamfanin bai kashe kuɗi ya sauya tsarin ba.

Sannan a saba da wanne? Jerin P, R, N, D a kan sanda ya zama harshe guda da duk direban otomatik ke ji, ko a Tokyo ya koyi tuƙi ko a Garwa. Yanzu kowane kamfani ya buɗe nasa yaren. A Honda ana jan maɓallin ribas baya, a Lincoln MKC maɓallan a tsaye suke daga sama zuwa ƙasa, Jaguar ya zo da abin murɗawa kamar na murhun gas, Mercedes ya mayar da giya jikin sitiyari, Tesla ya kai ta kan gilashin allo. Mai cewa mako ɗaya ya isa yana tunanin mota mai hannu ɗaya ne, mu kuwa motarmu hannuwa goma ke taɓa ta. Akwai direban gida, akwai ɗan Alhaji da ke ɗauka da dare, akwai mai wanki da zai matsar da ita, da mai gadi, da yaron makanike da zai shigar da ita rami, da waɗanda sana'arsu ce fitar da mota daga tasha su haura da ita Ngaoundéré, Marwa, Kusseri, har Njamena. Babu ɗayansu da ke da mako guda. Wasu minti biyu gare su, yara kuma suna wasa a bayan motar.

Mafi nauyin hujja tana ƙarƙashin motar. Sandar da aka saba da ita igiyar ƙarfe ce ke haɗa ta da akwatin giya, ka ja ta ja. Maɓalli kuwa saƙo yake aika wa ƙwaƙwalwar mota, ita ta duba ta yarda, sannan ta umarci wata na'ura ta yi aikin. Duk wannan sarƙa sai da wuta. Idan batir ya mutu, tsohuwar otomatik tana da ɗan rami kusa da sanda, ka zura makulli ka sa ta a firi, samari huɗu su tura ta gefe. Mai maɓalli tana iya kafewa a P, kuma wasu sai an buɗe gaban mota, wasu sai da ƙarfe na musamman da ba ya biyo motar cikin jirgi. A Turai sai a kira janwe a sha shayi a jira. Duwala gari ne da ruwan sama ke haura milimita 3,500 a shekara, inda daga Yuli zuwa Satumba lungunan New Bell da Makepe ke komawa rafi. Motar da ta mutu ruwa na tasowa, ta kuma ƙi turuwa, kowa ya san ƙarshenta. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kaso mafi girma ya nufo Afirka. Wato mu ne masu gadon motar bayan garanti ya ƙare, wayoyi sun tsufa, gishirin teku da laima sun fara cin mahaɗansu. Igiyar giya in ta tsinke, masu kayan gyara na Camp Yabassi za su samo maka wata kafin la'asar. Na'urar lantarki in ta ƙone, sai mai wayarin da ke da kwamfuta, sai jiran kaya daga Dubai ko Beljiyam.

Masu kare maɓalli suna da abin faɗa, kuma ba duka ne shirme ba. Da yawa daga cikin motocin nan suna sa kansu a P idan direba ya buɗe ƙofa ya manta, wannan kuwa yana ceton rai. To amma dabarar ba ta hana a bar wa mutum sandar da ke tsayawa inda aka ajiye ta, ana iya haɗa biyun. Suna cewa manyan motoci da bas masu giyar Allison sun daɗe da maɓalli. Haka ne, sai dai direban bas ƙwararre ne da aka koya wa tsari guda, kuma ba ya ba mai wanki makulli. Suna cewa totur ma ya koma lantarki ba a yi kuka ba. Totur bai bar ƙarƙashin ƙafar dama ba, ba wanda ya taɓa sunkuyawa nemansa. Ribar da ta rage ita ce wurin ajiye waya da kofi, da sauƙin ƙira ga kamfani. Wannan riba a can aka ci ta, kuɗin gyaran kuma a nan za a biya.

Motocin za su ci gaba da shigowa, tunda harajin kwastan a Kamaru yana ƙaruwa da tsufan mota, masu shigowa da kaya kuma suna neman 'yan shekarun baya-bayan nan. Don haka mai niyyar saye, kafin ka ƙirga sefa ko ɗaya, ka sa dillali ya cire kan batir a gabanka ya nuna maka yadda ake sa motar a firi. Ka je Camp Yabassi ka tambayi kuɗin na'urar giyarta da kwana nawa take yi kafin ta iso. In dillali ya kasa na farko, ka bar masa motarsa.