Wane Ne Ba Shi Da Kan Lissafi?

Daga cikin maganganun da suka zauna daram a bakunan mutanenmu, har aka daina neman hujjarsu, akwai cewa "wane ba shi da kan lissafi". Uba yakan faɗe ta game da ɗansa, malami ya faɗe ta game da ɗalibinsa, daga bisani yaron da kansa ya karɓe ta kamar hukuncin da aka yanke masa tun daga haihuwa. Da wannan magana guda ake rufe wa yaro ƙofar likitanci da injiniyanci da sauran fannonin kimiyya, domin kuwa jami'o'inmu ba sa ɗaukar ɗalibi a waɗannan fannoni sai da kiredit a lissafi. Da yake ƙa'idarmu ita ce ba a karɓar da'awa sai da dalili, ya dace mu auna wannan magana da abin da masu bincike suka gano.

Mu fara da jariri. A shekarar 1992 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Karen Wynn ta gwada jarirai 'yan wata biyar. Sai a ajiye 'yartsana ɗaya a gaban jariri, a kare ta da labule, sannan a ƙara wata a bayan labulen yana kallo. Idan aka janye labulen ya ga biyu, ba ya daɗewa yana dubawa. Amma idan aka ɓoye ɗaya ya ga guda kawai, sai ya ƙura ido ya daɗe, kamar mai mamakin abin da bai zata ba. Wannan yana nuna cewa gane yawa da ƙaranci wani abu ne da aka halicci ɗan Adam da shi tun kafin ya buɗe baki. Babu mai musun cewa mutane sun bambanta a kaifin fahimta, kuma akwai yara kaɗan da ke da wata matsala ta musamman game da lambobi, waɗanda ke bukatar kulawa ta daban. Amma tushen yana nan wurin kowa.

To, a ina ake yin hasarar wannan tushe? A shekarar 1985 wasu masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analucia Schliemann, suka buga sakamakon binciken da suka yi a birnin Resife na ƙasar Barazil a kan yara masu sayar da kaya a bakin titi. Suka je musu a matsayin masu saye, suna tambayar kuɗin kaya da canji. Yaran suka amsa kimanin kashi 98 cikin 100 na tambayoyin daidai. Bayan haka aka ba su takarda da fensir, aka rubuta musu lambobin nan dai tsurarsu yadda ake yi a aji. A nan ba su wuce kashi 37 cikin 100 ba. Alal misali, an tambayi wani yaro kuɗin kwakwa 4 a kan 35 kowace ɗaya, ya fara da kuɗin guda uku, wato 105, ya ƙara na ɗaya a kai, ya ce 140. Da aka rubuta masa 35 sau 4, sai ya bi ƙa'idar makaranta da ya haddace ba tare da ya fahimce ta ba, ya rubuta 200. A kasuwa ba zai taɓa yarda da wannan amsa ba, amma a takarda bai ga aibinta ba, saboda lambobin ba sa nufin komai a wurinsa.

Mai ƙorafi zai iya cewa yara biyar ne kawai aka gwada a Resife, kuma gaskiyarsa. Sai dai a shekarar 2025 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike mai faɗi da wasu masana suka yi a ƙasar Indiya, cikinsu har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sun gwada yara 1,436 masu aiki a kasuwannin Kalkata da Delhi, suka tarar kusan dukansu suna warware lissafin ciniki mai wuya da ka, amma suna tuntuɓe idan aka kawo musu mai sauƙi a sigar makaranta. Sannan suka juya ga 'yan makaranta 471 waɗanda ba su taɓa zaman kasuwa ba. Waɗannan sun fi iya lissafin takarda, amma kashi 1 cikin 100 ne kawai suka warware wata mas'alar ciniki wadda fiye da sulusin 'yan kasuwar suka warware.

Natijar a fili take. Ɗan kasuwa yana da fahimta amma ba shi da rubutacciyar ƙa'ida, ɗan aji yana da ƙa'ida amma bai san amfaninta ba, kuma ilmin ɗayan ba ya tsallakawa zuwa fagen ɗayan da kansa sai an gina masa gada. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a hannun 'yar talla, ko ya ga yaron shago yana ba da canji kafin mai saye ya gama ƙirga kuɗinsa, ya san irin waɗannan yara sun cika garuruwanmu, kuma da yawansu su ne ake kira daƙiƙai a aji.

Kada wani ya fahimci cewa muna nufin a bar yaro a kasuwa tun da ya iya canji. Lissafin ka yana da iyaka. Ba ya kai mutum ga auna ƙarfin gini, ko ƙididdige maganin mara lafiya, ko raba dukiyar da magada suka yi yawa a kanta. Abin da muke cewa shi ne, makaranta ta fara daga abin da yaro ya sani, ta ja shi zuwa ga abin da bai sani ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san tarihin wannan fanni. Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa na Aljabru wal Muƙabala a Bagadaza wajen shekara ta 820 Miladiyya, zamanin Halifa Ma'amun, kuma daga sunan littafin ne Turawa suka samo kalmar aljebra. Ya bayyana cewa ya rubuta shi ne don bukatun mutane a gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye, kuma wani babban sashe na littafin mas'alolin wasiyya da gado ne. Ashe ke nan fannin da yaranmu ke gudu an gina shi ne a kan al'amuran yau da kullum.

Abin takaici shi ne tsoron lissafi ya bi mu har cikin makarantun addini. Sau nawa ɗalibi yake tafiya lafiya a fiƙihu, amma da an iso babin gado sai gwiwarsa ta yi sanyi? Mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji yana da rabi, 'yan'uwan suna da sulusi biyu. In aka kasa dukiyar shida, miji zai ɗauki 3, su kuma 4, jimla 7, alhali kason shida ne. Malamai suka ce a mai da asalin mas'alar 7, kowa ya ɗan rage gwargwadon rabonsa, wannan shi ne auli. Wanda bai fahimci rabi da sulusi da sudusi ba, yaya zai tsare haƙƙin maraya? Haka nan zakkar kuɗi, ɗaya cikin arba'in, da ta amfanin gona, ɗaya cikin goma ko ɗaya cikin ashirin, duk ba sa fita daidai sai da lissafi.

Akwai abubuwa biyu da ke ƙara faɗaɗa ramin. Na farko harshe. Yaro yana ƙirga da Hausa a gida da kasuwa, a aji kuma a fuskance shi da Turancin da bai ji ba, sai ya zama yana kokawa da abu biyu a lokaci guda. Gwajin da Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife tun daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida na firamare da Yarbanci, ya nuna cewa ba su koma baya ba, har sun fi takwarorinsu ƙwazo. Na biyu tsoro. Binciken Mark Ashcraft da abokin aikinsa a 2001 ya nuna cewa fargaba tana cinye sashen tunanin da mutum ke riƙe lambobi da shi yayin da yake lissafi. Saboda haka malamin da ya ɗaga bulala yana jiran amsar bakwai sau takwas, da hannunsa yake kore amsar.

Don haka muna kira ga malaman firamare da na Islamiyya da su shigo da mudu da tiya da Naira cikin darasi, su tambayi yaro yadda ya samo amsarsa kafin su ce daidai ko kuskure, sannan su nuna masa yadda ake rubuta hanyar tasa a kan allo. Haddar jadawalin ninkawa tana da amfani, amma ta zo tare da fahimta. Muna kira ga shugabannin makarantu da su raba yara gwargwadon abin da suka iya a zahiri na ɗan lokaci a kowace rana, domin wanda bai iya ɗebewa ba, zalunci ne a ɗora masa rabawa don kawai manhaja ta ce an iso wurin. Muna kira ga masu koyar da fara'id da su fara da makonni na koyar da kashe-kashen lamba kafin su shiga mas'aloli. Iyaye kuwa, maza da mata, su kame bakinsu daga yanke wa ɗa ko 'ya hukuncin rashin kan lissafi, domin yaro yakan zama abin da ake yawan kiran sa da shi.

Yaron da ya iya ba da canjin Naira dubu ba tare da kuskure ba ya riga ya kawo hujjar cewa yana da kai. Saura mu mu sauke nauyin da ke kanmu na koyar da shi. Allah Ya sa mu dace.