Tauraro Ba Ya Cika Rumbu

Duk wanda ya zauna a majalisun Issawane a shekarar da kaka ta zo da ƙaranci, ko ya saurari hirar fatake tsakanin Mayahi da Tasawa, lalle ya ji maganar nan da ta kusa zama aƙida a bakin jama'a, wai tauraron ƙasar ne ya dushe, wai Zuhal ya sauka a burujin nahisa, don haka talauci ba zai gusa ba sai ranar da ya gusa. A kan wannan zance magidanci yake kai 'yar jikar da ta rage masa wurin mai bugun ƙasa, saurayi kuwa ya nemi labarin burujinsa a waya, inda 'yan duban Turai suke yi wa duniya alkawarin waraka da yalwa idan taurari sun daidaita. Wannan ra'ayi, a ganina, ɓata ne a addini, hasara ce kuma a gona.

Ba ilmin taurari nake zargi ba, domin malamanmu sun bambanta tsakanin sanin tafiyarsu da jingina musu tasiri. Manomin da yake ƙidayar manzilai 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai kwana 14, don ya san inda damina ta kai, lissafi yake yi, kuma lissafi halal ne. Amma wanda ya ce tauraro ne yake bayar da ruwa ko ya hana, to, ya faɗa cikin abin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tsawatar a kai da safiyar daren da aka yi ruwa a Hudaibiyya, shi ne kuma Shehu Usmanu ya yi inkarinsa a Nurul Albabi.

Idan sababi ake nema, ai yana nan ƙasa, ba sai an ɗaga kai ba. Sefa da ta wayi gari ta rasa rabin darajarta a Janairun 1994, a Dakar aka yanke hukuncinta, a zauren taro. Gonakin da suka zama fili fetal kafin farin 1973 da na 1984, gatarinmu ne ya share su, a zamanin da doka ta mai da itace mallakar hukuma, har manomi ya riƙa ganin tsiron da ke gonarsa kamar sammacin ma'aikacin daji, aka kuma koya masa cewa gona mai tsafta ita ce wadda babu ko kututture a cikinta.

Warakar ma ta hanyar sababi ta zo. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara saiwarsu tana da rai, kuma idan aka bar 'yan rassa masu ƙarfi aka sassabe sauran, itace zai tashi ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka karɓi wannan sassaben zamani, ƙauyuka irin su Ɗan Saga a yankin Agye suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, har masu bincike suka ƙiyasta cewa kadada miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. Gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya koma taki da abincin dabba. Macen da take yini neman makamashi ta same shi a bakin gona. Mai saƙar tabarma a Gulbin Kaba ta san darajar gorubarta. Mutuncin da magidanci ya samu ranar da ya sayar da itacen gonarsa maimakon akuyarsa ta ƙarshe, babu malamin duba da ya taɓa rubuta masa irinsa a kan rairayi.

Masana hisabi sun ce Zuhal yana kewaye falaki a cikin shekara kusan 30. Ke nan daga 1983 zuwa yau ya ratsa buruji goma sha biyun duka, na sa'a da na nahisa, amma gawon da aka bari bai fasa girma a ko ɗaya daga cikinsu ba, wanda aka sare kuma bai tashi ba. Saboda haka mai jikar nan ya riƙe abarsa, ya wasa addarsa, ya zaɓi rassan da zai bari, sannan ya yi tawakkali ga Wanda ya halicci tauraron da itacen baki ɗaya.