Jitar Dala Miliyan Huɗu da Gangar da Gara Ke Ci a Zaure

 

A watan Afrilun 2023, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke birnin New York a Amurka ya sayar da wata jita mai lantarki a kan dala miliyan 3.9. Ba da zinari aka ƙera ta ba. Katako ne da wayoyi da jan fenti mai ratsin fari da baƙi. Abin da ya ɗaga darajarta shi ne hannun da ya riƙe ta, wato Eddie Van Halen, gwanin kiɗan nan na Turawa mai tsananin ƙara da kaushi, wanda ya mutu a 2020. Kafin wannan, an sayar da baƙar jitar David Gilmour a 2019 a kan kusan dala miliyan 4, ta Kurt Cobain kuwa ta haura miliyan 6 a 2020.

Na san abin da mai karatu zai ce: wannan ai almubazzaranci ne. Ban musa ba, domin kuɗin jita ɗaya zai gina asibitoci a karkara. Amma ba kuɗin ne ya ja hankalina ba, aikin da ake yi kafin a kai ga kuɗin ne. Masu tara waɗannan jitoci ba sa sayen kaya sai da shaida. Za a duba lambar da kamfani ya buga a jikinta, a ɗauko tsofaffin hotunan mai ita yana wasa, a gwada kowace ƙarzuwa da kowane tabo da wanda ke cikin hoton, a bi sawun hannuwan da ta ratsa ɗaya bayan ɗaya. In shaida ta yanke, daraja ta faɗi. Ashe tarihi ake saya, ba katako ba.

Dubi jitar da ake kira Greeny, ƙirar Gibson Les Paul ta 1959. Peter Green ne ya yi suna da ita, ta koma hannun Gary Moore, sannan a 2014 Kirk Hammett na ƙungiyar Metallica, manyan masu kiɗan hebi metal, ya mallake ta. Bai kulle ta a akwati ba, da ita yake hawa dandali. Duk mai sauraronsa ya san daga ina ta fito, ya san wa da wa suka kaɗa ta.

To, mu dawo gida. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Dokta Mamman Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Allah ya jiƙansu. Muryoyinsu na nan cikin wayoyinmu, direbobi na sha daga Kwanar Ɗangora har Saminaka. Amma yaro a Legas ya san inda zai je ya ga kayan mawaƙi Fela, domin tun 2012 aka mayar da gidansa na Ikeja gidan tarihin Kalakuta. Tambayi yaronmu inda zai je ya ga kuntigin Ɗanmaraya, ko kotson da aka yi wa Ɗanƙwairo kiɗa da shi, ko kalangan makaɗan Shata, ko gurmin Haruna Uji, ka ji amsar da zai ba ka.

Waɗannan ma manya ne da duniya ta sani. Damuwata ta fi yawa a kan namu na kudancin Kano, waɗanda sunansu bai taɓa wuce gundumarsu ba. A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa kusan kowace sana'a tana da kiɗanta. Manoma na da gangar noma da ke tayar da tsimin samari ranar gayya. Mahauta na da kalangu. Maharban da suka san lungunan dajin Falgore na da garaya. 'Yan tauri da 'yan dambe da 'yan kokawa kowa da nasa, fadar hakimi kuma na da makaɗanta da masu busa. Makaɗin da ya yi shekara arba'in yana kiɗan noma a ƙauye ɗaya ya san taken kowane gida, ya san wane ne jikan wane. Kundin tarihin garin ne yake yawo da ƙafa.

Shiga zauren irin wannan gida bayan mai shi ya kwanta dama. Za ka tarar da gangar rataye a kan ƙusa, ƙura ta rufe ta, fatar ta tsage a gefe guda, ɓera ya cinye tsarkiya, gara ta fara hawan icen daga ƙasa. Wurin da kafaɗar marigayin ta goge shekara da shekaru har yana sheƙi, yana nan ana gani. Damina biyu ko uku nan gaba, wata rana itace zai yanke a gidan, sai a faskara ta a hura wuta.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tarakta da maganin feshi sun rage gayya. Na'urar sauti ta kori makaɗa daga gidajen biki. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun yi karatu ko sun kama kasuwanci, wasunsu ba sa son a tuna musu da gadon gida, saboda mun daɗe muna kallon makaɗi a matsayin maroƙi kawai. Wasu kuma iyayen ne da kansu suka ajiye kiɗa saboda addini, suka ce kada a ƙara taɓa kayan.

Wannan dalili na ƙarshe ina girmama shi, kuma ba na kiran kowa ya koma abin da ya bari don Allah. Amma adana abu daban, aiki da shi daban. Takubba da sulke da ke gidajen tarihinmu ba kira ne zuwa yaƙi ba, shaida ce ta yadda kakanni suka rayu. Wanda ba ya son ganga a gidansa, ya miƙa ta inda za ta zama darasi, ya fi ya bar wa gara.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna ana iyawa. Malam Mamman Barka, makaɗin gurmi da ya rasu a 2018, ya ji cewa biram, abin kiɗan Buduma na tafkin Chadi mai tsarkiya biyar, saura mutum ɗaya da ya iya shi, wani dattijo mai suna Bukar Tar. Da tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna a gabansa ya koya, ya karɓi biram ɗin, ya zaga duniya da shi. Da ya yi jinkiri, da an binne biram tare da mai shi.

Abin da nake roƙo ba ya buƙatar miliyoyi. Kowace ƙaramar hukuma cikin huɗun nan ta ware ɗaki ɗaya busasshe, a sakatariya ko a fadar hakimi. Hakimai da dagatai su sa Sarkin Makaɗa da Sarkin Noma da Sarkin Baka da Sarkin Fawa su faɗi gidajen da kayan suke. Kowane abu aka samu, a rubuta sunan mai shi, da garinsu, da wanda ya sassaƙa shi, da irin icen da fatar, da wa aka yi wa kiɗa da shi. A ɗauki hoto, a naɗi muryar dattijon da ya san takensa. Wayar hannu ta isa. Iyalin da ba sa son rabuwa da kayansu a bar musu, a dai rubuta, a koya musu kare shi daga laima da ƙwari. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Makama, da malaman Hausa na Jami'ar Bayero, suna da masu ilimin wannan aiki. Ɗaliban da ke neman abin rubuta kundin kammala digiri, ga shi nan a ƙofar gidansu.

Ga magada kuma, gargaɗi ɗaya: in dillalin kayan tarihi ya zo da 'yan kuɗinsa, kada ku yi saurin miƙawa. Da zarar ganga ta bar garinta ba tare da sunan mai ita ba, ta zama kayan ado a falon wani, ku kuma kun rasa ta har abada.

Ice da fata za su iya jira kaɗan in an kula da su. Dattawan da suka san labarinsu ne ba za su jira ba. Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, wannan aikin rani ɗaya ne, kuma ranin bana ya kamata ya zama.