Wai Dwayne McDuffie Ba Marubuci Ba Ne?

A zaman ƙungiyarmu na makon jiya na ambaci Dwayne McDuffie cikin marubutan da suka cancanci nazari, sai wani ɗan'uwa ya ce, "Ai wannan mai zanen yara ne." Aka bushe da dariya, har da wasu malamanmu. Lokaci ya ƙure ban mayar da martani ba. To, ga amsata.

Da farko dai, McDuffie ba mai zane ba ne. Shi ke tsara labari da maganganu, wasu su zana. Baƙar fata ne haifaffen Detroit ta Amurka a 1962, ya rasu cikin Fabrairun 2011, kwana ɗaya bayan ya cika shekara 49. Sa'ad da ya shiga wannan sana'a, baƙin mutum a littattafan zane bai wuce ɗan rakiya ba: ko ɗan daba, ko mai ban dariya, ko jarumi guda tilo da aka jefa cikin Turawa don kada a ce ba a yi ba. A 1993 shi da abokansa, ciki har da Denys Cowan, suka fara fitar da littattafai a kamfaninsu na Milestone. Kamfanin DC ke rarrabawa, amma haƙƙin mallakar taurarin yana hannunsu. Ku 'yan'uwana masu kukan masu buga littafi sun cinye guminku, wannan kaɗai bai isa ku tsaya ku duba ba?

Ku ɗauki labarin Icon. Wata halitta ce daga wata duniya ta faɗo kudancin Amurka a 1839, wata baiwa ta tsince ta, ta ɗauki siffar jariri baƙi. Ya rayu har zamaninmu, ya zama hamshaƙin lauya mai ra'ayin 'yan mazan jiya, mai ganin talaka shi ya so talaucinsa. Sai ga wata yarinya 'yar unguwar talakawa, Raquel, ta tsaya gabansa tana ƙalubalantarsa, kuma da bakinta ake ba da labarin. Baƙi biyu ke nan, kowa da hujjarsa, ba wanda aka ɗora wa nauyin wakiltar baƙar fata duka. Nan gadon McDuffie yake. In baƙi sun yi yawa cikin labari, kowannensu sai ya samu sararin zama mutum, da kirkinsa da tsiyarsa. Ina cikin littattafan da muke haddacewa don jarrabawa aka fi wannan iya gina taurari?

Masu dariya za su ce ai Milestone ta daina bugawa a 1997. Haka ne. Amma Static, yaron nan ɗan makaranta mai sarrafa lantarki, ya koma talabijin daga 2000 zuwa 2004, kuma kashin da ya yi magana kan bindiga a makaranta ya jawo wa McDuffie lambar yabo ta Humanitas a 2003. Ya yi rubutu a Justice League, ya jagoranci labarin Ben 10: Alien Force, wanda ƙannenmu suka kalla har suka ƙi cin tuwo. Tun 2015 ake ba da lambar yabo da sunansa, a 2021 kuma taurarin Milestone suka dawo kasuwa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu ne fa muke rubuta kundin digiri a kan Gizo da Ƙoƙi, waɗanda kakanninmu suka tanada don yara da dare. Tatsuniya adabi ce, amma da an haɗa ta da hoto sai ta zama shirme? Malam, da girmanka, wace ƙa'ida ce ta ce haka?

Ina roƙon shugaban ƙungiya ya ba ni minti 20 a zama mai zuwa. Zan zo da Icon, wanda ya yi dariyar nan shi zai fara karanta mana.