Lafiyar Gida: Sandar Da Ke Lilo Ba Ta Sallama

Masu karatu, a wannan wata za mu kai ku teku, amma bari mu fara daga lambu.

Wani rani, shekarun baya, muna wata fadama a ƙasar Tofa, maƙwabcinmu yana ban ruwa da jigo. Yaran yanzu da yawa ba su san jigo ba, gama injin ban ruwa ya kore shi daga yawancin lambuna. Doguwar sanda ce a bisa gwafa, guga a gaba, curin laka mai nauyi a baya. Ɗan mutumin, yaro mai kamar shekara 9, yana tsugune a bayan jigon yana gyara bakin fangali. Sai igiyar guga ta tsinke. Curin lakan ya sauko gaba ɗaya, ya same shi a gefen kai na dama, kusa da kunne. Yaron ya faɗi, ya ɗan yi shiru, sa'an nan ya tashi yana kuka. Babu jini, sai ƙulu. Muka ce Allah ya tsare, aka koma aiki. Da dare ya ci tuwonsa. Can tsakar dare ya soma amai, da asuba kuwa aka yi ta tashinsa bai farka sosai ba. Aka kai shi Kano, likitoci suka buɗe ƙoƙon kan suka kwashe jinin da ya taru. Ya rayu, amma har yau hannunsa na hagu ba shi da ƙarfi. Mu da mu ke wurin duk manya ne, ba kuwa wanda ya ce a kai shi asibiti tun da rana.

Babu waɗanda suka san halin irin wannan sanda kamar masu tuƙa jirgin ruwan da iska ke turawa, don haka ya kamata mu ji abin da suka koya. Jirginsu yana da ginshiƙi a tsaye, da babban zane wanda ke kama iska. Ƙasan zanen a ɗaure ya ke a jikin wata sanda ta kwance, wadda su ke kira bum. Kanta ɗaya yana maƙale da ginshiƙin, ɗayan kuwa yana lilo dama da hagu kamar ƙyaure. A jirgi mai tsawon ƙafa 40, sandar ta kan kai ƙafa 15 ko fiye.

Akwai wani irin jirgi da a ke ce da shi katamaran, watau tagwayen kwalekwale da aka haɗa da dandamali a tsakani. Sunan ya fito daga harshen Tamil na kudancin Indiya, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure tare. Daɗinsa shi ne ba ya karkata gefe kamar jirgi mai ciki ɗaya. Mutum sai ya aje kofin shayi bai zube ba. Amma daɗin nan shi ne tarkon, gama mutane su kan saki jiki, su yi ta yawo, har su hau rufin ɗaki su zauna shan iska, alhali rufin nan shi ne hanyar sandar.

Abin mamaki, sandar ta fi yin ɓarna a lokacin da tafiya ta fi daɗi, watau sa'ad da iska ke bugowa daga baya. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke iskar hunturu na bayansa ya san yadda abin ya ke: sai ka ji kamar babu iska sam. Haka ma a jirgi. In iska tana gudun mil 20 a awa, jirgi kuma yana gudun mil 8 tare da ita, na ciki mil 12 kaɗai su ke ji. A lokacin an sassauta igiya, sandar ta buɗe can gefe guda. In igiyar ruwa ta ɗan ture bayan jirgin, ko matuƙi ya waiga ana hira, sai iska ta zagayo ta bayan zanen, ta wurga sandar daga wannan gefe zuwa wancan kafin ƙiftawar ido. Duk abin da ke hanyarta ta share shi, haka ma igiyar da ke riƙe da ita.

Ba sababbin shiga kaɗai abin ke ci ba. Kowace shekara, kashegarin Kirsimeti, a kan yi tseren jiragen iska daga Sidni zuwa Hobat a ƙasar Ostareliya. A tseren 2024, a daren farko, mutum biyu suka rasu a jirage dabam dabam, iska mai ƙarfi tana bayansu. Ɗaya sandar ce ta buge shi a ka. Ɗayan igiyar sandar ce ta kwashe shi, kansa ya bugu da ƙarfen naɗe igiya. Jiragen nan masu ciki ɗaya ne, amma sandar halinta ɗaya ne a ko'ina.

To, me gwanaye su ke yi? Ba su dogara ga saurin sunkuyawa, domin sun san ido ba ya riga sandar. Ɗaure ta su ke yi. Su kan ja wata igiya daga ƙarshen sandar zuwa goshin jirgi, yadda ko iska ta zagayo ba za ta iya wurga ta ba. Ba su kuma sa iska daidai ƙeyarsu, sai su karkata kaɗan, su tafi a kaikaice, in an jima su juya ɗaya gefen. Tafiyar ta ƙara tsawo, amma katamaran ya kan fi gudu ma a haka. In iska ta ƙaru su rage zane tun da wuri. In za a juya da gangan, matuƙi ya kan ɗaga murya ya faɗa, ya jira kowa ya amsa, a jawo sandar tsakiya a hankali kafin a sake ta. Ko an ɗaure ta, ba mai tsayawa a hanyarta, gama igiya ta kan tsinke, kamar yadda ta jigon nan ta tsinke.

Suna kuma sa rigar da ke hana nitsewa, domin wanda ya suma ba ya iyo, kome gwanintarsa. Wannan ya shafe mu, tun da madatsun ruwa sun kawo kwalekwale ƙofar gidajenmu. Ba mu manta da ranar 30 ga Nuwamba 2021 ba, da jirgi ya kife a ruwan Watari a Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara masu zuwa Maulidi a Tofa. Wancan yawan lodi ne, ba sanda ba, amma rigar nan amfaninta ɗaya ne.

A gida ma muna da sanduna masu lilo: jigo inda ya rage, sandar amalanke in kaya ya rinjaya baya, da hannun tayar da injin niƙa wanda kan juyo da baya. Mai jigo ya kafa turke ya ɗaure sandar duk sa'ad da zai huta, ya duba igiyar guga kowace safiya, ya kuma ja layi a ƙasa bayan curin, ya hana yaro ƙetare shi.

In kuwa an riga an bugu, iyaye mata, ga abin lura. Ƙashin gefen kai siriri ne, akwai kuma jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ta fashe, jini ya kan taru a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, mutum kuwa yana magana yana dariya har wasu awoyi. Saboda haka duk wanda ya suma, ko na ɗan lokaci ne, asibiti za a kai shi a ranar. Wanda bai suma ba, babba ya zauna kusa da shi kwana biyu, a riƙa duba shi har cikin dare. In ya yi amai fiye da sau ɗaya, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko maganarsa ta rikice, ko barci ya yi masa nauyi, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa ya fito ta hanci ko kunne, ko hannu ko ƙafa ta yi sanyi, kada a jira gari ya waye. Kada a yi masa ƙaho ko tsaga. Kada a ɗura wa sumamme ruwa a baki. Kada a ba shi asfirin, gama yana hana jini daskarewa. Farasitamol ya isa. In yana kukan wuya, a kwantar da shi a bisa katako, wani ya riƙe kan daidai, a nemi mota, ban da babur.

Daga Tofa zuwa birnin Kano ba nisa. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa, da na'urar ɗaukar hoton cikin kai. In kun isa, ku faɗa wa likita abin da ya bugi mutumin, da ƙarfe nawa ne, da ko ya suma.